Dillancin Waya: Auna Kaya Kafin Ka Ɗora Masa Sunan Gidanku



A lokacin zafin da ya gabata an kawo wata ƙara zauren Maigida, wadda har yau ba ta bar zukatanmu ba. Wani saurayi ne, ɗan gidan mutunci, wanda ya sauke Alƙur'ani a gaban idonmu, ya haɗu da wani mai kaya a WhatsApp yana sayar da fanka mai caji, kowace ɗaya sefa 15,000. Suka yi shiri cewa duk fankar da aka saya ta hannunsa yana da sefa 1,500. Ya ɗora hotuna a wayarsa, ya naɗi murya da Hausa mai daɗi, ya ce ko an ɗauke wuta tun magariba fankar nan za ta kai mutum asuba. Gida goma sha huɗu suka saya, cikinsu har da gwaggonsa da matar malaminsa na allo. Kafin mako uku ya cika, guda tara sun daina ɗaukar caji. Aka kira lambar mai kaya aka same ta a kashe. Ba wanda ya san shagonsa, har shi saurayin, domin ɗan zem ne yake miƙo masa kayan a bakin titi.

Da aka zauna, babu ko mutum ɗaya da ya ambaci mai kaya. Kowa cewa yake yi, ɗan Alhaji ne ya ce mu saya. Uban ya sunkuyar da kai, ya ce a ba shi wata biyu zai biya, kuma ya biya. Mu da littafin zaure yake hannunmu muka rubuta lambobi biyu a layi ɗaya: la'adar da ɗa ya ci, sefa 21,000, abin da uba ya fitar daga aljihunsa, sefa 135,000.

Ba mu kawo wannan labari don mu tona asirin kowa ba, kuma ba don mu hana matasa neman halaliyarsu a waya ba. Mun kawo shi ne saboda tambayar da ake yawan yi mana a ƙofar masallaci: yaya mutum zai gane ko kaya ya cancanci a tallata shi, ko akwai riba a ciki? Amsarmu ita ce, yawan la'adar da aka yi maka alkawari shi ne mafi ƙanƙantar abin dubawa. Riba ita ce abin da ya rage bayan ka cire duk abin da ka kashe, kuma a cikin al'umma ƙarama irin tamu, abu mafi tsada da kake kashewa a kowane talla shi ne sunan gidanku.

Matasa suna kiran wannan sana'a afiliyasiyon, suna faɗinta kamar jiya aka sauke ta daga jirgi a tashar ruwa. Mu kuwa mun san ta da sunanta na asali, dillanci. Zongon Lome a kansa aka gina shi. Baƙo ya zo daga arewa da shanu ko goro, ya sauka a gidan maigida, maigida ya ba shi masauki da abinci, ya haɗa shi da dillali, dillali ya nemo mai saye, ciniki ya faɗa, a fitar da la'ada a gaban kowa. Wani Bafaranshe mai suna Michel Agier ya zauna cikin iyayenmu, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan tsari, aka buga shi a 1983. Duk wanda ya taɓa zuwa sayen ragon Layya a Gbosime ya ga ragowar tsarin da idonsa.

A waya, dillancin ya kasu gida uku. Akwai na manyan kamfanonin waje, irin su Amazon, wanda ya buɗe nasa tsarin tun 1996, da AliExpress: su ba ka wata mahaɗa ta musamman, duk wanda ya bi ta ya sayi kaya sai a rubuta maka kaso. Akwai na cikin gari, wanda ya fi yawa a wurinmu: mai shago a Asigame ko Dekon ko Hejranawe ya turo maka hotunan atamfa ko waya ko gwanjo, ka ɗora, in an saya ya ba ka naka, ko kuma ka ɗora ribarka a kan farashinsa. Sai na uku, wanda ya ari rigar dillanci ya sa, inda ake ce maka ka fara biyan kuɗin shiga, sannan ka kawo mutum biyu, su ma su kawo bibbiyu. Wannan na ukun za mu dawo kansa.

Asalin sana'ar halal ce. Imam Buhari ya ware babi guda a kan ladan dillali a cikin Kitabul Ijara, ya ambaci cewa magabata irin su Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasanul Basri ba su ga laifi a cikinsa ba. A littattafanmu na Malikiyya, ladan da ake bayarwa sai aiki ya kammala yana ƙarƙashin babin ji'ala, kuma an sharɗanta ladan ya kasance sananne tun farko. Saboda haka ba halascin sana'ar muke tuhuma ba. Awo muke so a koya, irin wanda iyayenmu suke yi kafin su ce wa baƙo, kawo kayanka.

Mu fara da lissafi, tunda shi ne ya fi sauƙi kuma shi aka fi gudu. Ga misali, kowa ya sa nasa lambobin a ciki. Kaya na sefa 12,000, la'ada kashi 10 cikin 100, watau 1,200. A ce Allah Ya buɗa maka ka sayar da guda 15 a wata, ka tara 18,000. Yanzu cire 5,000 na intanet, domin hoto da bidiyo suna cin mega. Cire 6,000 na zem, zuwa ɗauko kaya da kai wa waɗanda ba za ka iya ce musu su zo da kansu ba. Cire 500 na cire kuɗi daga asusun waya. Mutum biyu sun dawo da kaya, la'adarsu ta tafi, 2,400. Abin da ya rage 4,100. In kana ba wa wannan aiki awa uku a yini, ka yi awa 90 a wata, kowace awa ta kawo maka wajen sefa 45. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun Janairun 2023 shi ne sefa 52,500 a wata, wanda ya kama kusan sefa 300 a awa. Ka ga ke nan mai gadin shago ya ninka ka sau shida. In kuwa ɗaya daga cikin kayan da aka dawo da su ya maƙale a hannunka, mai kaya ya ƙi karɓa, ka biya 12,000 daga aljihunka, to ka rufe watan da asarar 7,900, alhali kana ganin kuɗi suna shiga wayarka kullum kana cewa kasuwa ta yi kyau.

Wanda ba ya rubutu ba zai taɓa ganin wannan ba. Sayi littafi na sefa 200, ka raba shafi biyu, shiga da fita, ka gwada kaya na tsawon mako biyu kafin ka yanke hukunci. Ka rubuta mutum nawa suka kalli abin da ka ɗora, nawa suka tambayi farashi, nawa suka biya. Za ka tarar masu kallo da yawa ne, masu cewa masha Allah sun fi masu tambaya, masu tambaya sun fi masu biya nesa ba kusa ba. Yabo ba ya shiga aljihu.

Bayan lissafi sai ka dubi kasuwarka, su wa za su saya. A nan ne matsayinmu ya bambanta da na ɗan Kano ko ɗan Maradi. Wanda yake talla da Hausa a Kano yana magana da miliyoyin mutane, in ya ɓata da dubu yana da wasu dubban da ba su taɓa jin sunansa ba. Mu a Lome tsiraru ne. Lambobin da ke cikin wayarka, in ka duba da kyau, dangi ne da surukai da abokan karatu da waɗanda kuke sahu ɗaya ranar Juma'a. Kayan da mutum yake saye sau ɗaya a shekara uku, irin fanka ko dutsen guga, wata biyu ya isa ka gama da duk wanda ka sani. Daga nan sai ka koma maimaita hoto ɗaya ga mutanen da suka riga suka saya, har su rufe ka ba tare da sun faɗa maka ba.

Sannan kada ka manta inda kake zaune. Adawlato ce, babbar kasuwa tana bayan gidanka. Mai sayen da ka ce wa kaya 12,000 ne, ƙafarsa za ta kai shi Asigame cikin minti goma, ya ga irinsa a 9,000. Ba zai zo ya yi maka faɗa ba. Zai dai ajiye abin a ransa, ya faɗa wa matarsa, ita kuma ta faɗa a gidan suna. Don haka kafin ka ɗora hoto, taka da ƙafarka ka zaga layi uku ka ji farashi. In naka ya ɗara na kasuwa, ka tambayi kanka me ka ƙara wa mai saye da ya cancanci bambancin: ka kai masa har gida ne, ko ka tsaya masa in kayan ya lalace, ko ka zaɓo masa mai kyau daga cikin jabu? In babu ko ɗaya, yardar da ya yi maka kawai ka sayar masa, kuma ba za ka sayar da ita sau biyu ba.

Wannan ne ya sa muke ganin ƙaramar la'ada a kan kayan da ake sake saye ta fi babbar la'ada a kan kayan sau ɗaya. Ɗauki turare ko sabulu ko dabino na sefa 3,000, kana samun 300 a kowane ɗaya. In gida 40 suka saba saye a hannunka kowane wata, 12,000 ke nan a wata, 144,000 a shekara, ka kai musu a zagaye ɗaya, ba ka buƙatar sabon bidiyo kowace safiya. Matan nan da ake kira Nana Benz, waɗanda suka riƙe cinikin atamfar Holan a wannan kasuwa har suka hau marsandi a shekarun 1970, da masu saye masu dawowa suka yi arziki, daga Gana da Benin da Najeriya da sauran ƙasashe, shekara bayan shekara. Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: wanda ya saya yau, zai neme ni da kansa wata mai zuwa?

Sai shi kayan kansa. Ka gan shi? Ka taɓa shi? Ka yi amfani da shi? Dillalin shanu na da ba ya yabon saniya sai ya buɗe bakinta ya ga haƙora, ya sa ta yi tafiya a gabansa. Yau yaro yana rantsuwa a kan kayan da hotonsa kawai ya gani, hoton ma wanda aka ɗauka a Dubai ko Sin, cinikin biri a sama. Da saurayin nan ya sayi fanka ɗaya ya kwana da ita mako biyu, da sefa 15,000 ta tsare wa ubansa 135,000. In la'adar da kake hange ba ta kai ta biya maka samfuri ɗaya na gwaji ba, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa babu riba a ciki.

Akwai kayan da ko gwaji bai isa ya wanke su ba, su ne waɗanda ake sha ko ake shafawa. Su ne kuma suka fi kowane kaya la'ada mai tsoka: man sauya launin fata, shayin rage tumbi, ƙwayar ƙiba da ake kira sha ka fashe, maganin ƙarfin maza, haɗe-haɗen kayan mata marasa suna. Dalilin tsokar a fili yake, ana haɗa su da araha, a sayar da tsada, a yi amfani da bakinka wajen shigar da su gidajen da mai haɗawar ba zai iya shiga ba. Da yawa daga mayukan bilicin suna ɗauke da sinadarai masu ɓata fata da ƙoda, shi ya sa Kodebuwa ta hana su a 2015. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙarancin arziki da matsakaita jabu ne ko marasa inganci. A nan garin namu, a Janairun 2020, shugabannin wasu ƙasashen Afirka suka taru suka sa hannu a kan yaƙi da jabun magunguna. Fanka in ta mutu ana biyan kuɗinta. Ƙodar ƙanwar wani in ta mutu, wane uba ne zai biya? 'Yan uwa mata masu tallan irin waɗannan kaya a zaurukan WhatsApp, muna roƙonku da girman Allah ku tsaya ku yi tunani a nan.

Daga nan sai mai kaya. Wane ne shi, ina shagonsa, wa ya san shi? A tsarin da, bayan kowane dillali akwai maigida, mutum mai gida da iyali da suna, wanda in baƙo ya ci amana ko mai saye ya ƙi biya, a ƙofarsa ake tsayawa. Dillancin waya ya cire maigida daga tsakiya, ya bar yaro shi kaɗai tsakanin mai kaya da ba a gani da mai saye da ake gani kullum. Kafin ka karɓi tallan kowa, ka je shagonsa da ƙafarka. Ku yi magana a kan abu huɗu, ka sa ya rubuta ko ya naɗa da muryarsa: nawa ne la'ada, yaushe ake biya, kwana nawa ake da shi na dawo da kaya mai aibi, kuma wa zai ɗauki kuɗin dawowar. Mai kayan da ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ka amsa.

Manyan kamfanonin waje ba sa ɓacewa kamar mai fanka, amma su ma suna da nasu sharuɗɗan da ya kamata a karanta. A tsarin Amazon, wanda ya bi mahaɗarka yana da awa 24 ne ya sa kaya a kwandonsa kafin a lissafa maka, kuma kuɗin sai bayan kusan wata biyu suke fitowa. A Afrilun 2020 kamfanin ya zaftare la'adar wasu kayayyaki dare ɗaya, kayan ɗaki daga kashi 8 zuwa 3, kayan masarufi daga kashi 5 zuwa 1, mutanen da suka gina rayuwarsu a kai suka wayi gari da sabon lissafi. Mai kasuwa shi ke yanka la'ada, kai naka bi. Sannan ka tambayi kanka tambayoyi biyu na gida: mutanenmu suna sayen kaya da katin banki a irin waɗannan wurare? Kuma in an rubuta maka dala goma, ta wace hanya za ta zama sefa a tafin hannunka a Lome? Kuɗin da kake gani a fuskar waya ba ka iya cire shi ba, ba naka ba ne tukuna.

Yanzu mu koma ga na ukun nan. Alamarsa ɗaya ce, ko da wane suna ya zo: abin da ake samu daga kawo mutane ya fi abin da ake samu daga sayar da kaya. Wani lokaci akwai kaya a gaba, agogo ko kwalbar magani ko darasin koyon neman kuɗi a intanet wanda babu abin da yake koyarwa sai yadda za ka sayar da shi darasin ga wani. Ka tambaya: da babu alkawarin la'ada, akwai mai hankalin da zai sayi wannan abu a wannan farashi? In babu, to kai ne kayan, kai da danginka. Lissafinsa ma ba ya tsayawa: in kowa sai ya kawo biyu, a hawa na ashirin ana buƙatar sabbin mutane sama da miliyan ɗaya. Maƙwabtanmu na Benin sun ga abin da ICC Services ya yi musu a 2010, na Najeriya sun ga MMM a Disambar 2016. Na farko suna ci daga kuɗin na ƙarshe, na ƙarshe kuwa koyaushe su ne iyaye mata da suka cire kuɗin adashi saboda ɗansu ya ce su shiga.

Mun san abin da matasa za su ce, kuma sun faɗa mana a fuska. Sun ce: Baba, ku kuna da shago, mu ba mu da jari, ba mu da aikin gwamnati, wannan ce sana'a ɗaya da ake farawa da waya kawai, kuma duk abin da muka taɓa sai ku ce a yi hankali. Sun ce kuma: ai dillali ba mai kaya ba ne, don me za a kama shi da laifin wani?

Magana ta farko gaskiya ce, mun karɓa. Rashin aiki ciwo ne, kuma yaron da ya zaɓi talla a kan zaman banza ya cancanci a sa masa albarka. Sai dai cewa ba ku da jari kuskure ne. Kuna da shi, ba ku ne kuka tara ba shi ya sa ba ku ganinsa. Lokacin da aka rushe tsohon Zongo a 1977 aka kwashe mutanenmu zuwa bayan gari, gidaje sun tafi, ciniki bai tafi ba, domin baƙi sun bi sunayen masu gida har inda aka kai su. Lokacin da babbar kasuwa ta ƙone a Janairun 2013, mun ga waɗanda suka wayi gari ba su da ko yadi ɗaya, amma aka ba su kaya bashi suka tashi, saboda shekaru talatin ba su taɓa cin kuɗin kowa ba. Wuta ba ta ci wannan jari ba, katafila ba ta rushe shi ba. Shi ne ake ba ku aro duk lokacin da wata tsohuwa ta tura muku kuɗi ba ta ga kaya ba. Ta tura ne don ta san kakanku.

Magana ta biyu kuwa tana da gaskiya a littafi, da sharaɗi. Dillali amintacce ne, ba a ɗora masa biyan abin da bai yi sakaci ko yaudara a kansa ba. Amma wanda ya karɓi kuɗi a lambarsa, ya yanka farashinsa, bai taɓa faɗa wa mai saye cewa kayan na wani ne ba, ya fita daga rigar dillali ya shiga ta mai sayarwa, kuma an hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa. Wanda ya siffanta kaya da abin da bai sani ba ya yi shaida a kan abin da bai gani ba. Wanda ya sa abokansa suka rubuta yabon kayan da ba su saya ba don a ruɗi na baya, ya kusanci najashi, watau ƙara farashi ba da niyyar saye ba, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Kowa ya san labarin mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, da irin tsawatarwar da ya sha. Fatawa ta malamanmu ce, a je a tambaye su. Mu dai abin da muka gani a zaure shi ne, ko shari'a ta wanke ka, unguwa ba ta mantawa.

Saboda haka faɗi gaskiya tun farko. Ka ce: kayan na wane ne, shagonsa yana wuri kaza, ni ina da la'ada a ciki, na gwada shi kwana kaza, ga abin da na gani mai kyau, ga aibinsa. La'adar da, a bainar jama'a ake ƙirga ta, ba ta taɓa zama abin kunya ba. Faransa ma sai da ta yi doka a Yunin 2023 ta tilasta wa masu talla a intanet su bayyana cewa biyansu aka yi. Abin da suka kai ga yi da doka, mu mun gada a kara da rumfar goro.

Kuma ga inda muke ganin riba ta gaskiya take, ga mai son ji. Tashar jiragen ruwan Lome ƙofa ce ga Nijar da Burkina Faso da Mali, kuma da aka rufe iyakar Benin da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, kayan Nijar da yawa suka koma bi ta nan. Akwai ɗan kasuwa a Maradi ko Damagaram ko Tawa da yake buƙatar wanda zai shiga Asigame ya duba masa atamfa, ya je filin motoci ya buɗe masa inji ya nuna masa ta bidiyo, ya yi ciniki da Mina, ya karanta takarda da Faransanci, ya mayar masa da bayani da Hausa. Yaronmu na Adawlato yana da harsunan nan uku a bakinsa tun yana goye. Wannan aiki ne da babu wata mahaɗa da za ta yi shi, mai saye ɗaya a cikinsa ya fi masu kallo dubu, kuma in ka riƙe masa amana sau uku zai kawo maka 'yan garinsu. Shi ne aikin kakanninku, waya ta rage muku tafiya kawai.

Maigida ya umarce mu mu sanar da abu biyu. Na ɗaya, duk saurayi ko budurwa da aka ba tallan wani kaya, ƙofar zaure a buɗe take bayan la'asar. A zo da samfurin kaya da lambar mai shi, za a haɗa ku da wani daga cikin dattawan kasuwa da ya san wannan layi, ya duba muku kyauta. Na biyu, ku iyaye, ku riƙa tambayar 'ya'yanku abin da suke tallatawa, kamar yadda za ku tambaya in kun ga sun kafa tebur a ƙofar gida. Teburin yana nan, a cikin aljihunsu yake.

Saurayin nan mai fanka bai bar sana'a ba. Yanzu turaren wuta da dabino yake kai wa gidaje, daga shagon wani dattijo da kowa ya san ƙofarsa, kuma yana biyan ubansa kaɗan-kaɗan duk ƙarshen wata. Ya nuna mana littafinsa, shiga a dama, fita a hagu. Gwaggonsa ta koma saye a hannunsa. Matar malaminsa ba ta koma ba tukuna.

Allah Ya sa albarka a neman matasanmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin juna, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Wanda yake da gyara ko ƙarin bayani, musamman malamanmu da iyayenmu mata na kasuwa, muna saurare.